Yadda ake hango ayarin taurarin leƙen asiri na soja daga Zariya

Mafi yawan taurarin ɗan'adam da ke ratsa samaniyar Zariya bayan faɗuwar rana ɗai-ɗai suke tafiya, kowanne da hanyarsa da saurinsa. Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya su kaɗai. Za ka ga ɗigon haske biyu, wani lokaci uku, sun taso tare, sun riƙe tazarar da ke tsakaninsu, sun kuma ƙetare sama ba tare da na baya ya cim ma na gaba ba. Galibin irin waɗannan na sojoji ne, kuma aikinsu sauraren jiragen ruwa a teku. Ana iya ganinsu daga Samaru ko Wusasa ko Dakace da kayan aiki kaɗan, sai dai ba a cika yin kiciɓis da su ba, domin haskensu ba shi da ƙarfi. Wanda ya fita yana waige-waige a sama zai iya shafe wata guda bai gan su ba. Wanda kuwa ya san mintin da za su zo, ya kuma san tauraron da za su gifta ta gefensa, shi ne zai gan su. Don haka duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce, wato ka riga su isa wurin da za su bi, ka tsaya ka jira.

Su wane ne, kuma me ya sa suke tafiya a ayari

Sanannun cikinsu na Amurka ne, waɗanda masu bibiyar sama suke kira NOSS, wato tsarin sa ido a kan teku na sojan ruwa. An harba ayarin farko a 1976 daga sansanin Vandenberg da ke Kalifoniya, a zamanin da babbar damuwar Amurka ita ce sanin inda jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet suke a cikin teku. Na farkon uku-uku ake harba su. Daga 1990 zuwa 1996 aka harba wani sabon zubi da rokar Titan IV, su ma uku-uku, amma sun fi na baya haske. Tun daga Satumban 2001 sai aka koma bibbiyu, aka kuma ci gaba da harba irinsu a 2003, 2005, 2007, 2011, 2012, 2015 da 2017. Hukumar NRO, wato ofishin taurarin leƙen asiri na Amurka, ita ce ke kula da su, hukumar da aka kafa a 1961 amma gwamnatin Amurka ba ta amince a fili cewa tana nan ba sai a 1992. Shirin zubin farko, mai suna Parcae, sai a 2023 aka ɗage masa sirri.

Ƙasar Sin ta bi sahu a watan Maris na 2010 da Yaogan 9, taurari uku da aka harba daga sansanin Jiuquan zuwa falaki, wato hanyar kewaya duniya, da ya yi kama da na Amurka ƙwarai. Yaogan 16, 17, 20, 25 da 31 duk a kan wannan tsari suke. Faransa ma ta harba uku masu suna CERES a watan Nuwamba na 2021 daga sansanin Kourou da ke Kudancin Amurka, a falaki mafi ƙasa, amma ba da su ya kamata mai koyo ya fara ba.

Dalilin tafiya tare lissafi ne. A ranar hawan sallah, idan 'yan bindiga suka harba a ƙofar fada, mutum uku da ke tsaye a wurare daban-daban ba za su ji ƙarar a lokaci ɗaya ba, na kusa zai riga ji. Da kowannensu zai rubuta daidai lokacin da ƙarar ta iso kunnensa, kuma an san inda kowa yake tsaye, da wannan kaɗai ya isa a gano wurin da aka yi harbin. Haka waɗannan taurari suke yi da siginar na'urar rada da ta rediyon jiragen ruwa. Siginar tana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, wato mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, saboda haka ɗan bambancin lokacin isarta ga kowane tauraro shi ke nuna inda jirgin yake. Biyu ma suna wadatarwa, tun da tafiya suke yi, suna maimaita awon daga wurare daban-daban a kan hanyarsu. Abin da ya zama dole shi ne su kasance kusa da juna ta yadda sigina ɗaya za ta riske su duka, su kuma ɗan ware ta yadda bambancin zai aunu. Wannan larurar ce ta sa mu a ƙasa muke iya gane su.

Lambobi kaɗan za su yi maka amfani a dukkan aikin. Tsayinsu daga ƙasa kimanin kilomita 1,100 ne, suna kewaye duniya cikin kusan minti 107 da gudun da ya ɗan haura kilomita 7 a sakan, kuma falakinsu ya karkace da digiri 63.4 daga ikwaita. Tun da Zariya tana digiri 11 ne arewa da ikwaita, wannan karkata tana nufin hanya biyu kawai za su biyo mana: ko su taso daga kudu da ɗan karkata yamma su nufi arewa da ɗan karkata gabas, ko su taso daga arewa da ɗan karkata yamma su nufi kudu da ɗan karkata gabas. Duk abin da ka gani ya miƙe daga yamma zuwa gabas, ba su ba ne.

Mataki na farko: kayan aiki

Babban abin buƙata madubin hangen nesa ne mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa. Lambar farko yawan kusantarwa ce, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Ni na fi ba da shawarar 7x50, domin yana nuna fili mai faɗin kusan digiri 7, kuma rawar hannu ba ta damunsa sosai. Kada a ruɗe ka da manyan lambobi irin 20x ko 30x da ake rubutawa a jikin masu araha. Filinsu ƙunci ne da shi, sai ka kama tauraro ɗaya ɗan'uwansa yana waje, alhali ganinsu tare shi ne abin da ka fito yi. Babban madubin taurari mai ƙafa ma bai dace da wannan aiki ba saboda wannan dalilin.

Sauran kayan su ne waya mai intanet wadda agogonta yake saita kansa da hanyar sadarwa, tocila ƙarama da aka ɗaure wa jar leda ninki biyu a baki, littafi da fensir, sai tabarma da matashi ko kujerar da ake kishingiɗa. Kwanciya ta fi tsayuwa, domin wuya ba ya jure ɗaga kai na minti goma, kuma gwiwar hannu tana samun madogara.

Mataki na biyu: wuri da sanin kusurwa

Nemi wurin da babu fitila a gabanka kai tsaye, kuma bishiya ko gini bai rufe maka sama daga digiri 30 zuwa tsakiya ba. Tsakiyar Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila haske ya yi yawa, musamman yanzu da fitilun sola suke kwana a kunne ko an ɗauke wuta. Gefen gari ya fi, irin su bayan Samaru ta wajen Bomo, ko Shika, ko Wusasa. Filin makaranta, ko bakin gona kusa da gidaje, ko rufin bene duk suna yi. Ba na ba da shawarar hawa Dutsen Kufena da dare, ko yin nisa cikin daji don neman duhu. Ɗan ƙarin duhun bai kai hatsarin ba, kuma madubi yana cike giɓin.

Akwai abubuwa uku da suka shafi zama da jama'a, kuma na ɗauke su da muhimmanci daidai da sauran matakan. Gidajenmu masu tsakar gida ne a buɗe, don haka wanda ya hau bene da madubi ya tabbata fuskarsa sama take kallo, ya kuma gaya wa maƙwabta abin da yake yi tun da rana. Na biyu, Zariya gari ne mai barikokin soja, akwai Chindit akwai na Basawa, ga kuma filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama. Kada ka tsaya da madubi ko kyamara kusa da katangar ɗaya daga cikinsu. Na uku, idan za ku fita fili, ku fita ku biyu ko uku, ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. A bar tocilar leza a gida, domin haska ta sama haɗari ne ga matuƙan jirgi. A sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, musamman lokacin kaka.

Daga nan sai sanin gabas da yamma na haƙiƙa. Jadawalin da za ka karanta yana auna kusurwa da digiri, arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mutanenmu sukan kira alƙibla gabas, amma alƙiblar Zariya tana wajen digiri 67 ne, wato gabas ta haƙiƙa tana digiri 23 dama da ita. Wanda ya ɗauki fuskar masallaci a matsayin digiri 90 zai kuskure hanyar taurarin gaba ɗaya. Idan sama ta yi garau za ka ga tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, a tsayin digiri 11 daga doron ƙasa. Abin awo kuwa hannunka ne: idan ka miƙe shi sosai, dunƙulen hannu digiri 10 ne, yatsu uku na tsakiya digiri 5, ƙaramin yatsa digiri 1. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar sama dunƙule tara ke nan.

Mataki na uku: lokaci

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan tsaya a kansa. Tauraron ɗan'adam ba shi da fitila, hasken rana ne yake dukansa ya dawo mana. Kafin ka gan shi sai abu biyu sun haɗu: kai kana cikin duhu, shi kuma rana tana haska shi a can sama. A Zariya rana tana faɗuwa tsakanin kusan ƙarfe 6:00 a Nuwamba da kusan 7:00 a Yuli, kuma duhu yana cika bayan awa ɗaya da 'yan mintuna, wato wajen lisha. Abin da yake tsayin kilomita 1,100 a saman kanka yana ci gaba da samun rana har sai ta nutse digiri 31 ƙarƙashin doron ƙasa, kuma a nan wurinmu hakan yana ɗaukar awa biyu da ɗan ɗoriya bayan faɗuwarta. Ke nan damarka ta yamma tana farawa daga gab da lisha zuwa kimanin awa ɗaya bayanta. Da asuba abin yana juyawa: daga kusan awa ɗaya kafin kiran assalatu zuwa lokacin da gari ya fara wayewa. Tsakar dare ba lokacinsu ba ne, suna wucewa amma cikin inuwar duniya. A ganina asuba ta fi, domin ƙurar ababen hawa da hayaƙin girki sun kwanta, an kashe injinan wuta da yawa, kuma sama ta fi tsabta.

Inda za ka duba ma yana da tasiri. Da yamma, tauraron da ya bi ta gabashin sama ya fi haske, domin gefensa da rana take duka shi ne yake fuskantarka, amma kuma ta gabas inuwar duniya take fara hawowa. Don haka da farkon dare ka fi son masu bi ta gabas ko tsakiya, idan dare ya ɗan yi sai na yamma su rage, su kuma sun fi dishi-dishi. Da asuba akasin haka ne.

Farin wata yana shafe su. Lissafin watan Musulunci ya sauƙaƙa mana wannan: don kallon yamma, daga 18 ga wata zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa, don kallon asuba kuwa, daga farkon wata zuwa wajen 11. Game da yanayin shekara, mafi kyawun lokaci shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya sauko. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana iya rufe komai sai manyan taurari, ko da yake ana samun dararen da yake yayewa. Da damina girgije ne matsala, amma daren da aka yi ruwa da la'asar sama ta washe, babu kamarsa wajen tsabta.

Akwai gwaji mai sauƙi na sanin ko dare ya yi kyau. Masana suna auna hasken taurari da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai haske: Zara tana wajen -4, tauraron arewa 2, iyakar ido a wuri mai duhu sosai kuma 6. Kowane hawa ɗaya raguwar haske ce ninki biyu da rabi. Ayarin da muke nema galibi suna tsakanin 5 da 6 idan sun zo sama sosai, shi ya sa madubi ya zama dole, tun da shi yana kai wa 8 ko 9. Idan Kaza da 'ya'yanta suna sama, kamar da yamma daga Nuwamba zuwa Maris, ka ƙirga su da ido. In ka ga shida a rarrabe, daren ya isa aiki. In dunƙulen haske kawai kake gani, ka jira wani dare.

Mataki na huɗu: jadawali

Shekaru da dama gwamnatin Amurka ba ta wallafa bayanan falakin waɗannan taurari, kuma a kundinta na hukuma na biyun kowane ayari na zamani an rubuta shi ne a matsayin tarkace. 'Yan sa-kai ne, irin su Ted Molczan na Kanada da Marco Langbroek na Holan, suka riƙa auna wucewarsu da madubi da agogo da kyamara, suna lissafa falakin, suna rabawa kyauta. Bayanan na Sin kuwa a buɗe suke a kundin da kowa ke iya dubawa, kamar na CelesTrak.

Shafin Heavens-Above shi ne mafi sauƙin farawa. Ka fara da saita wurinka, ko dai ka nemo Zaria a taswirarsa ka matsar da alamar zuwa unguwarku, ko ka shigar da 11.1 arewa da 7.7 gabas. Ka tabbata agogon da ya zaɓa namu ne, wato awa ɗaya gaba da na Girinwic, domin kuskuren awa ɗaya a nan ya sa mutane da yawa sun yi jiran banza. Sannan ka buɗe jadawalin taurarin da za su wuce a daren, ka zaɓi iyakar haske mafi rauni da aka ba ka, ka duba sunayen da suka fara da NOSS ko Yaogan. Wasu za ka same su da lambar USA, misali USA 229 na 2011, USA 238 na 2012, USA 264 na 2015 da USA 274 na 2017. Alamar ayari a jadawali ita ce suna biyu ko uku masu kama da juna, lokacinsu ya bambanta da 'yan sakanni, tsayinsu da kusurwarsu kusan ɗaya. Idan ka ga tazarar mintuna da yawa tsakanin 'yan gida ɗaya, ayarin ya watse, abin da ya faru ke nan da tsofaffin na uku-uku bayan sun daina aiki. Wanda yake son ganin uku a yau ya fi kyau ya duba sababbin na Sin.

Zaɓi wucewar da tsayinta mafi girma ya kai digiri 50 ko fiye. A ƙasa da haka nisan ya ƙaru, ga kuma ƙura. Ka latsa layin don ganin taswirar sama da hanyar da za su bi, ka nemi wani tauraro mai haske ko wata siffa ta taurari da hanyar ta gifta kusa da ita, ka rubuta lokacin da za su iso nan har da sakan. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce a kwamfuta, tana taimakawa wajen gane taurarin da ke taswirar. Ka zana wurin a littafinka tun da rana don kada ka buƙaci kunna waya a fili.

Kada ka yi mamaki idan mako ya wuce babu wucewa mai kyau. Kafin su kammala zagaye ɗaya duniya ta juya digiri 27, kusan kilomita 3,000 a wajenmu, saboda haka ba kullum suke bi ta kanmu ba. Ban da haka, lokacin wucewar kowane ayari yana matsowa baya da kusan minti 14 kowace rana idan aka daidaita, don haka yakan yi kamar mako guda yana faɗowa cikin damar yamma, sannan ya shige cikin hasken rana, sai bayan makonni ya dawo. Da yake ayarin suna da yawa, idan wannan ya fita wani yana shigowa.

Mataki na biyar: gwaji da mai sauƙi

Kafin ka nemi masu dishi-dishi, ka gwada da Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda take tsayin kusan kilomita 400, haskenta kuma yakan yi kusa da na Zara. Ka karanta jadawalinta, ka zaɓi tauraron da za ka jira ta a gefensa, ka ga ko za ta zo a lokacin da ka rubuta. Idan ta zo daidai sau biyu ko uku, saitin wurinka da agogonka da fahimtar kusurwarka duk sun inganta. Tashar Tiangong ta Sin da madubin Hubble ma suna wucewa ta samanmu, kuma sun dace da gwaji.

Mataki na shida: jira a kan hanya

Ka isa wurin minti 30 kafin lokaci. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya na farin hasken waya yana rushe wannan. Ka saita madubin a kan wani tauraro har ya zama ɗigo tsaf, kowane ido da nasa saitin. Ka nemo tauraron da ka zaɓa, ka sa shi a tsakiyar fili, ka sauke madubin ka sake nemo shi sau da yawa har hannu ya saba.

Saura minti biyu, sai ka ɗora madubin a wurin ka tsaya cak. Abokin tafiyarka ya riƙe agogo yana faɗa maka saura minti ɗaya, saura sakan 30, saura 10. Kada ka motsa don leƙa gefe, wannan shi ne abin da ya fi sa a rasa su. Idan sun zo za ka ga ɗigo ya shigo fili daga gefe yana tafiya a natse, sannan na biyu ya biyo shi ko ya jero da shi a ɗan karkace. A tsakiyar sama gudunsu bai kai rabin digiri a sakan ba, wato suna ƙetare faɗin farin wata cikin sakan ɗaya da 'yan kai, kuma suna ɗaukar kusan sakan 18 kafin su ratsa filin 7x50. Wannan ya ishe ka ka gane su ka fara bin su. Idan ɗaya kawai ka gani, ka bar shi ya wuce ka ci gaba da kallon wurin na rabin minti, domin ɗan'uwansa yana iya kasancewa a baya.

Tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta daga ayari zuwa ayari, daga gomman kilomita zuwa sama da ɗari. Kilomita 50 daga nisan kilomita 1,200 tana bayyana kamar digiri biyu da rabi, ƙasa da faɗin yatsu biyu ko uku. Idan lokaci ya wuce ba su zo ba, ka ƙara minti uku. A wannan tsayi iska ba ta jan su sosai, don haka jadawali yakan yi daidai na makonni, sai dai idan an kunna musu inji an gyara falaki. Da ka kama su ka bi su na ɗan lokaci, sannan ka sauke madubin ka gwada da ido, kana kallon ɗan gefensu maimakon kansu, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Wani lokaci ɗayansu yakan yi walƙiya na 'yan sakanni idan rana ta doki wani shafaffen sashe na jikinsa, har ya fito fili ga ido.

Mataki na bakwai: tabbatar da abin da ka gani

Jirgin sama ne ya fi ruɗa mutane, kuma Zariya ba ta rabuwa da shi. Jirgi yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da farar da take ƙyaftawa, kuma a madubi duk za su fito. Taurarin da muke nema farin haske ne mara ƙyaftawa, babu ƙara. Ka lura kuma da abin da ke tsakanin ɗigon: idan taurarin sama suna bayyana a tsakaninsu suna wucewa, abubuwa ne daban-daban, ba jiki ɗaya mai fitilu ba.

Na biyu su ne taurarin Starlink, waɗanda aka fara harbawa da yawa a watan Mayu na 2019. A kwanakin farko bayan harbi suna tafiya a layi ɗaya su ashirin ko fiye, suna da haske, suna da sauri domin suna ƙasa ƙwarai. Wannan jerin ba ya ɓoyuwa. Abin da ya fi wahala shi ne yanzu sun kai dubbai, don haka biyu suna iya haɗuwa a fili ɗaya bisa katari. Ka bi su na minti ɗaya: masu haɗuwar katari hanyoyinsu za su rabu ko su gicciye, 'yan ayari kuwa tare za su ci gaba. Siffar ayarin takan ɗan sauya, ta buɗe a tsakiyar sama ta tsuke idan sun gangara, amma wannan daga kusurwar kallo ne.

Akwai kuma masu tafiya bibbiyu da ba na soja ba, kamar TerraSAR-X da TanDEM-X na Jamus masu auna tudu da kwarin ƙasa, da GRACE-FO na 2018 masu tazarar kusan kilomita 220. Waɗannan falakinsu ta kusa da ƙuryar arewa da kudu yake bi, kuma jadawali zai raba maka gardama.

Hujjar da na fi so ita ce shiga inuwa. Idan taswira ta nuna hanyarsu ta yanke a tsakiyar sama, ka bi su har wurin. Na gaba zai dusashe cikin 'yan sakanni ya ɓace, na baya ya ci gaba har ya iso kusan wurin, shi ma ya ɓace. Idan ka ƙirga sakannin da ke tsakanin giftawarsu ta gefen tauraro ɗaya ka ninka da 7, ka sami kimanin tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya a kilomita.

Hoto da rubutu

Wayar hannu ba ta cika kama su ba, sai mai kyamara mai kyau a wuri mai duhu. Idan za ka gwada, ka kafe ta a kan ƙafa uku ko ka jingina ta da dutse, ka shiga saitin hannu, ka sa buɗewar sakan 8 zuwa 10, ISO 1600, ka kai saitin nisa ƙarshe, ka kuma yi amfani da jinkirin ɗauka don kada taɓawa ta girgiza ta. Babbar kyamara mai gilashin milimita 50 a buɗe sosai ta fi dacewa. A hoton za su fito kamar gajerun layuka biyu ko uku masu tafiya gefe da gefe, kowanne tsawonsa digiri 3 zuwa 4.

Ko babu hoto, ka rubuta kwanan wata, wurin da ka tsaya, yanayin sama, sunan ayarin, tauraron da suka gifta, ta wane gefe, lokacin da kowanne ya gifta, da wanda ya fi haske. Kuskuren sakan ɗaya kuskuren kilomita 7 ne a falaki, don haka ka yi amfani da agogon gudu na waya, ka danna shi a daidai giftawar, sannan ka kwatanta da agogon da ya saitu. Yawancin masu wannan awo suna Turai da Arewacin Amurka, kuma akwai makonnin da wani ayari yake wuce su da rana ko cikin inuwa alhali mu muna ganinsa sarai. Awon da aka yi da kyau daga nan wurinmu, digiri 11 arewa da ikwaita, yana cike wannan giɓi, musamman idan ya nuna ayari ya makara ko ya riga lokacinsa da sakanni da yawa, domin hakan yana iya nufin an gyara masa falaki. Idan ka ga irin wannan bambanci, ka sake auna ayarin a wucewarsa ta gaba kafin ka kai rahoto ga 'yan sa-kan nan masu lissafa falaki, ka kuma fara duba agogonka da kwanan watan bayanan falakin da aka yi jadawalin da su.